Ciwon Bayan da Ya Ƙi Sauka: Yadda Ake Farfaɗo da Tsokar Gadon Baya, da Iyakar Abin da Matsa Ƙashi Ke Yi

Idan ciwon baya ya haura mako 12 bai sauka ba, ya tashi daga matsayin gajiya ko ɗan targaɗen tsoka, ya zama ciwo mai naci. Masu fama da shi a Zariya ba sa ɓuya. Akwai mai ɗinkin babbar riga a cikin birni da ke wuni a tanƙware kan zare da allura, akwai ɗan acaɓan da ke kai-komo tsakanin Kwangila da Samaru, akwai ɗan dako a kasuwar Sabon Gari, da ɗalibar da ke kwana kan benci lokacin jarrabawa, da uwar gida mai shara da guntuwar tsintsiya safe da yamma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 619 ne ke da ciwon ƙasan baya a shekarar 2020, kuma shi ne kan gaba a duniya wajen hana mutane aikinsu. Kusan kashi 90 cikin 100 na masu ciwon, in an bincika, ba a samun wata cuta guda da za a nuna da yatsa a ce ita ce. Ciwon na gaske ne, amma tushensa haɗakar abubuwa ce: tsokar da ta yi rauni, gaɓoɓin da suka sanƙare, jijiyoyin da suka saba kai saƙon zafi, rashin barci da damuwa.

Abin da muke so mai karatu ya riƙe tun daga nan shi ne, tausa da matsa ƙashi suna iya ba ka sauƙi na kwanaki ko makonni, amma abin da ke riƙe baya shekara da shekaru tsoka ce, kuma ba mai iya gina maka ita da hannunsa.

Kafin kowa ya taɓa maka baya

Wannan matakin ba a tsallake shi. Cikin masu ciwon baya akwai 'yan kaɗan da ciwonsu alama ce ta babbar cuta, kuma su ne matsa ƙashi ke iya nakasawa.

Idan matsematsinka ko kewayen dubura suka mutu ba ka jin taɓawa, ko fitsari ya ƙi fita, ko yana zuba ba da saninka ba, ko bayan gida ya riƙa kuɓuce maka, ko ƙafafu biyu suka fara sanyi suna kasa ɗaukar ka, to wani abu ya danne tarin jijiyoyin da ke ƙarshen laka. Wannan na gaggawa ne. A kai mutum sashen gaggawa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a ranar, ko da tsakar dare ne, domin aikin da ake yi don ɗage dannewar yana da amfani ne a cikin kwana ɗaya zuwa biyu. In an yi jinkiri, fitsari da ƙafa kan tafi ba su dawo ba.

Na biyu, kuma a ƙasarmu shi ya fi cancantar a tsaya a kansa, tarin fuka ne na ƙashin baya. Mutane da yawa sun ɗauka tibi a huhu kaɗai take zama. Tana shiga ƙashin baya ta riƙa cin sa a hankali har gaɓa ɗaya ko biyu su rufta, wani ɗan ƙusumbi mai tsini ya fito. Alamunta ciwo ne da ba ya lafawa ko an kwanta, yana ma tsananta da dare, ga zazzaɓin yamma, gumin dare, rama da rashin cin abinci, kuma ba lallai ne a yi tari ba. Wanda ke da waɗannan ya nemi gwaji. Zariya na da Cibiyar Horaswa kan Tarin Fuka da Kuturta ta Ƙasa a Saye, maganin tibi kuma kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, sai dai na ƙashi yakan ɗauki wata 12 ana sha. Ƙashin da tibi ta ci, in aka danna shi da ƙarfi, yana iya karyewa ya shanye ƙafafu.

Sauran masu buƙatar ganin likita tukuna su ne wanda ciwonsa ya fara bayan haɗarin babur ko faɗowa daga bishiya ko gini, wanda ya taɓa yin kansar mama ko ta furostet, mai sikila, mai ciki, dattijuwar da ta daina al'ada ta kuma fara rage tsawo, da wanda ciwonsa ke gefe ɗaya ƙarƙashin haƙarƙari tare da zazzaɓi da zafin fitsari, don wannan ya fi kama da ƙoda.

Wata magana da ya kamata a faɗa a fili: basir ba ya kawo ciwon baya mai naci. Mutane na shafe shekaru suna shan jiƙe-jiƙen basir da na sanyi saboda ƙugu, gudawa na ƙara raunana su, ainihin matsalar tana nan.

Yadda baya ke rasa ƙarfinsa

Ƙashin baya jerin gaɓoɓi ne 33: guda 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji, 5 a ƙugu, sai 5 da suka manne suka zama ƙashin gindi, da 4 na wutsiya. Tsakanin gaɓa da gaɓa akwai faifan guringuntsi mai ruwa-ruwa a tsakiya, shi ke shanye jijjiga. Gaɓoɓi biyu na ƙasan ƙugu su suka fi ɗaukar nauyi, shi ya sa a nan faifai ya fi ɓullowa ya taɓa jijiyar da ta bi ɗuwawu da bayan cinya ta sauka har tafin ƙafa.

Wannan jerin ƙashi shi kaɗai ba ya iya tsayuwa da kaya. Kamar doguwar gora ce da aka kafa aka ɗaure da igiyoyi ta kowane gefe: in igiya ɗaya ta saki, gorar ta dinga rangaji ke nan. Igiyoyin su ne tsokoki. Akwai dogaye da kake iya shafawa a gefe biyu na gadon baya. Ƙarƙashinsu akwai gajeru da ake kira maltifidus, kowace tana haɗa gaɓa biyu zuwa huɗu, aikinsu riƙe kowace gaɓa kada ta goce yayin motsi. Sai tsokar ciki ta can ciki da ta kewaye ƙugu, da tsokokin gefe, da na ɗuwawu waɗanda su ne ainihin injin ɗaga kaya.

Masu bincike a Jami'ar Queensland ta Ostareliya sun nuna a 1996 cewa bayan ciwon baya na farko, maltifidus ta wurin da ya yi ciwo tana ƙanƙancewa, kuma ko zafin ya tafi ba ta komawa yadda take da kanta sai an motsa ta da gangan. A nan tarkon yake. Ciwo ya zo, mutum ya ji tsoron motsi, ya kwanta ko ya ɗaura bel. Ƙananan tsokoki su ƙara mutuwa, manyan na waje su ɗaure tamau don cike gurbi, su gaji su fara ciwo nasu na kansu. Ranar da ya sunkuya ɗaukar buta sai baya ya riƙe, ya ƙara tabbatar wa kansa cewa motsi ne ke cutar da shi. Haka ake zagayawa har shekara ta wuce. Kwanciya fiye da kwana ɗaya ko biyu tana ƙara ciwon ne.

Hoton asibiti ma yana iya tsorata mutum a banza. Wani nazari na 2015 da ya tattara hotunan mutanen da ba su da ciwon baya ko kaɗan ya gano kashi 37 cikin 100 na 'yan shekara 20 suna da alamar zaizayar faifai, a 'yan shekara 80 kuwa kashi 96. Don haka in takardar hotonka ta ce faifai ya zaizaye ko ya ɗan ɓullo, ba hukuncin nakasa ba ne. Hoton MRI, wanda ke nuna faifai da jijiyoyi, yana da tsada, kuma an fi buƙatarsa ga mai alamun haɗarin da muka ambata ko wanda ake tunanin yi wa aiki.

Matsa ƙashin baya: abin da yake yi da abin da ba ya yi

Bidiyoyin da ke yawo a TikTok da Facebook, inda ake murɗa mutum a ji ƙas-ƙas ya tashi yana murmushi, sun sa mutane da yawa na tambaya game da kairofiraktik, wato matsa gaɓoɓin baya da hannu. Sana'a ce da wani mutum mai suna Daniel David Palmer ya fara a 1895 a garin Davenport na jihar Iowa a Amurka. Shi ya yi imanin cewa yawancin cututtuka daga gocewar gaɓoɓin baya suke tasowa. Binciken zamani bai tabbatar da wannan ba. Abin da ya tabbata ya fi haka ƙanƙanta, amma yana da amfani: ga mai ciwon ƙasan baya mai naci wanda ba shi da wata cuta a ɓoye, matsa gaɓa da hannu na rage zafi da sanƙarewa gwargwadon yadda sauran hanyoyin da aka amince da su ke ragewa. A jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a Disamban 2023 kan wannan ciwo, ta sa shi cikin abubuwan da za a iya yi tare da motsa jiki, tausa da ilimantar da majiyyaci. A jagorar kuma ta hana dogaro da bel ɗin baya, da jan baya da na'ura, da magungunan kashe zafi dangin tiramadol.

Ƙarar da ake ji ba ƙashi ne ke komawa mazauninsa ba. Iska ce ke kumfa a cikin ruwan gaɓa lokacin da aka buɗe ta da sauri, irin dai wadda kake ji in ka ja yatsa. Sauƙin da ke biyo baya yana zuwa ne daga sakin tsokar da ta ɗaure da kuma lafawar jijiyoyin zafi na ɗan lokaci. Wannan ɗan lokacin shi ne ribar: a cikinsa za ka iya fara atisayen da zafi ya hana ka.

A Nijeriya, hukumar da ke rajistar likitocin fisiyo, wadda aka kafa da doka a 1988, ita ce kuma ke da alhakin rajistar masu kairofiraktik. Masu takardar karatun wannan fanni kaɗan ne ƙwarai a ƙasar nan. A Afirka, jami'o'in Durban da Johannesburg na Afirka ta Kudu ne suka yi suna da koyar da shi. A Zariya ya fi sauƙi ka samu likitan fisiyo, wanda mutane ke ce wa likitan gashi, kuma su ma suna sassauta gaɓa da hannu, sannan su ɗora ka kan atisaye. Ko wane ne za ka je wurinsa, ka tambaye shi cikin ladabi: "Likita, don Allah a ina aka yi karatun, kuma akwai lasisin bana?" Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya.

Ka lura da yadda zaman farko ya gudana. Wanda ya san aikinsa zai fara da tambayoyi: yaushe ciwon ya fara, ina yake sauka, yaya fitsari, akwai zazzaɓi ko rama, wane magani kake sha. Zai sa ka yi tafiya kan diddige da kan yatsu, ya gwada ƙarfin babban yatsan ƙafarka, ya buga gwiwa da agara da 'yar gudumar roba, ya ɗaga ƙafarka a miƙe kana rigingine ya ga ko zafi zai harba ƙasa. Wanda ya ce ka kwanta kawai ya hau murɗa, tashi ka tafi. Bayan an matsa, tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu ba abin damuwa ba ne. Sabon mutuwar ƙafa ko zafin da ya ƙara sauka ƙasa, shi ne abin komawa asibiti.

Shawararmu ita ce ka ba shi zama 4 zuwa 6 cikin wata guda. In ba ka ga canji a tafiyarka, barcinka da aikinka ba, ƙarin zama ba zai kawo shi ba. Kada ka biya kuɗin zama 30 a dunƙule, kada ka yarda a riƙa maimaita maka hoton ƙashi kowane wata, kuma duk wanda ya ce matsa baya na warkar da hawan jini, ciwon suga ko rashin haihuwa, ya fita daga abin da ilimi ya tabbatar. Murɗa wuya da ƙarfi kuwa muna ganin a bar shi gaba ɗaya ga mai ciwon ƙugu. Jijiyoyin jini biyu da ke kai jini ƙwaƙwalwa suna ratsa cikin ƙasusuwan wuya, kuma ko da yake ba kasafai ba ne, an samu waɗanda jijiyar ta tsage bayan murɗawa suka samu shanyewar ɓarin jiki. Mai shan maganin tsinka jini, mai raunin ƙashi, da wanda aka taɓa yi wa aiki a baya, kada a yi musu matsa mai ƙarfi ko a ina.

Wannan gargaɗin ya shafi na gida ma. Sa yaro ya taka wa Baba baya, ko aboki ya rungumo ka ta baya ya ɗaga har a ji ƙara, duk matsa ne ba tare da bincike ba. Masu ɗori suna da gwanintarsu a wurin mutane, amma ƙashin baya da laka a cikinsa ba wurin ja da ɗauri ba ne.

Atisayen mako 12

Ba ka buƙatar komai sai tabarma ko darduma mai kauri, sanda mai tsawon mita ɗaya da rabi, da jarka. Minti 15 zuwa 20 a rana ya isa. Kada ka yi da zarar ka tashi barci, domin faifan baya na shan ruwa cikin dare ya kumbura, sunkuyo a sa'ar farko ya fi takura shi. Hantsi ko bayan la'asar ya fi. A lokacin hunturu, da sanyin Zariya ke sa jiki ya ƙage, ka fara da tafiyar minti 5 ko ka ɗora tsumma mai ɗumi na minti 15.

Ga ma'aunin da za ka riƙa bi. Ka auna zafinka daga 0 zuwa 10. In atisaye ya kai shi 3 ko 4 sannan ya koma yadda yake kafin washegari, ci gaba. In ya wuce haka ko ya kwana ya wuni, rage yawan da rabi, kada ka daina. Ka kuma kula da inda zafin ke tafiya: in yana janyewa daga ƙafa yana komawa tsakiyar baya, alama ce mai kyau ko da na bayan ya ɗan ƙaru. In yana ƙara gangarawa ƙasan gwiwa, tsayar da wannan atisayen ka nemi likitan fisiyo.

Fara da sassauta baya. Yi rarrafe, hannuwa daidai ƙarƙashin kafaɗu, gwiwoyi ƙarƙashin ƙugu. Turo bayanka sama a hankali kana sunkuyar da kai, sannan ka sake shi ya lotsa kana ɗago kai. Sau 6 zuwa 8, ba tare da ka kai ƙarshen da zai yi zafi ba.

Sai koyon ɗaure ciki, wanda shi ne tushen sauran. Kwanta rigingine, gwiwoyi a lanƙwashe, tafin ƙafa a ƙasa. Sa yatsunka a gefen mara, ciki kaɗan da ƙashin ƙugu, ka yi ɗan tari. Tsokar da ta tokare yatsunka ita ake nema. Ɗaure ta da kamar rubu'in ƙarfinka, ka riƙe daƙiƙa 10 kana numfashi yadda ka saba, sau 10. Kuskuren da aka fi yi biyu ne: riƙe numfashi, da zuƙe ciki ya shige. In ba ka iya ƙirga ɗaya zuwa goma da baki yayin da kake riƙe ba, ka matsa da yawa. Mai hawan jini ya kiyaye wannan sosai, don riƙe numfashi na ɗaga jini.

Daga wannan kwanciyar, ɗaure ciki, matse ɗuwawu, ka ɗaga ƙugu har kafaɗa da ƙugu da gwiwa su yi layi ɗaya. Riƙe daƙiƙa 5, sauka a hankali, sau 10. In bayan cinya ya ɗaure maka, diddigenka ya yi nisa, jawo shi kusa da ɗuwawu. In ƙasan baya ne ke zafi, ka ɗaga fiye da kima kana gantsarewa.

Waɗannan ukun, da tafiya, su ne aikin mako biyu na farko.

A mako na 3 ka ƙara guda uku da Farfesa Stuart McGill na Jami'ar Waterloo a Kanada ya shahara da koyarwa. Dukansu ana riƙewa ne daƙiƙa 10 kacal. Ka yi sau 5, ka huta rabin minti, ka yi sau 3, ka huta, ka yi sau 1. Dalilin gajeren riƙo shi ne tsokar baya juriya take buƙata, kuma dogon riƙo na sa ta gaji tsari ya lalace. In ka ƙware, yawan ake ƙarawa, ba tsawon riƙon ba.

Na farkonsu shi ya fi taɓa maltifidus. Yi rarrafe, ɗaure ciki, miƙa ƙafar hagu baya kana tura diddige, sannan ka miƙa hannun dama gaba. Ƙafar kada ta wuce tsayin ƙugu, hannun kada ya wuce kafaɗa. Ɗora sandarka a kwance bisa tsawon gadon baya, ko wani ya ɗora maka littafi a ƙugu; in ya faɗi, ƙugunka na karkata, kuma amfanin ya tafi. Wanda abin ya yi wa wuya ya fara da ƙafa kaɗai mako guda. Ka yi kowane ɓangare.

Na biyu na tsokar gefe ne. Kwanta a gefe, dogara da gwiwar hannu daidai ƙarƙashin kafaɗa, gwiwoyin ƙafa a lanƙwashe baya. Ɗaga ƙugu ka turo shi gaba har jiki daga kafaɗa zuwa gwiwa ya miƙe. In kafaɗa na ciwo, yawanci gwiwar hannun ta yi nisa da jiki. Bayan mako uku ko huɗu sai ka miƙe ƙafafu ka dogara da gefen tafin ƙafa. Za ka tarar gefe ɗaya ya fi rauni. Shi za ka fara da shi kullum.

Na uku na gaban ciki ne. Rigingine, gwiwa ɗaya a lanƙwashe ɗaya a miƙe, tafukan hannu ƙarƙashin lotsawar ƙugu don kada ta baje. Ɗaga kai da kafaɗu tare kamar faɗin yatsu biyu daga ƙasa, haɓa ba ta taɓa ƙirji ba. Ɗagawar kaɗan ce ƙwarai, kuma haka ake so. Atisayen nan da matasa ke yi a filin ƙwallo, na tashi zaune daga kwance sau hamsin, yana lanƙwasa faifai ne akai-akai, mai ciwon baya ya bar shi.

Daga mako na 7 sai a koma tsaye, domin ba a kwance ake rayuwa ba. Riƙe sanda a bayanka ta taɓa wuri uku: ƙeya, tsakanin kafaɗu da ƙashin gindi. Buɗe ƙafafu faɗin kafaɗa, sassauta gwiwa, tura ɗuwawu baya kamar za ka taɓa bango da su, ƙirji na sauka gaba. In sandar ta rabu da ɗaya cikin wuraren uku, bayanka ne ya lanƙwashe maimakon ƙugu. Sau 10, zubi biyu. In ya zauna maka, ajiye sandar ka ɗauki jarka. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka nauyin a hannunka yake. Fara da lita 5, ɗora jarkar kan bulo tsakanin ƙafafunka, ɗaga da wannan salon sau 8, zubi biyu, kwana uku a mako. Ƙara lita 2 duk mako muddin ma'aunin zafi bai karye ba. Ka kuma riƙa ɗaukar ta a hannu ɗaya ka yi taku 20 ba tare da ka karkata ba, sannan ka sauya hannu.

Tafiya kuwa tun ranar farko take. Minti 10, da ɗan sauri, hannuwa na lilo, ƙara minti 5 kowane mako har ka kai minti 30 kwana biyar a mako. Wani gwaji da aka yi a Ostareliya kan mutum 701, aka buga a 2024, ya nuna waɗanda aka ɗora kan tsarin tafiya sun kai kimanin kwana 208 kafin ciwon ya dawo ya hana su aiki, waɗanda ba a ɗora ba kuwa kwana 112. Takawa zuwa masallaci mai ɗan nisa ko sauka daga Keke Napep kafin a kai ƙofar gida duk suna cikin lissafi.

Sauran sa'o'in yini

Minti 20 na atisaye ba zai rinjayi sa'a goma na zama a tanƙware ba. Maɗinki da tela da ɗalibi su tashi duk minti 30 zuwa 40, su dafa ƙugu su ɗan gantsare baya sau 5, su taka kaɗan. Mai ɗinkin hannu ya jingina da bango, ya naɗe tawul ya sa a lotsawar ƙugu, ya ɗora aikin kan matashi don ya taso kusa da ido. Ɗan acaɓa ya duba shokobzoban babur ɗinsa, ya cire walat daga aljihun baya, in ya hango rami ya ɗan ɗaga jiki kan ƙafafu. Buhun masara mai kilo 100 ba kayan mutum ɗaya ba ne. A kama biyu, a jawo kaya jikin ciki kafin a ɗaga, kuma a juya da ƙafafu, kada a murɗa ƙugu da kaya a hannu, don haɗuwar sunkuyo da murɗawa ce ta fi fasa faifai.

Hajiya, ki sa wa tsintsiya dogon mariƙi, ki ɗora bahon wanki kan benci ko turmi da aka kife, ki durƙusa kan gwiwa ɗaya in za ki ɗauki yaro. Wadda aka yi wa aiki wajen haihuwa ta jira izinin likita kafin ta fara wani abu ban da tafiya da ɗaure ciki mai sauƙi.

A ruku'u, salon sandar nan za ka bi: lanƙwasa daga ƙugu, baya a shimfiɗe, hannuwa na ɗaukar nauyi a gwiwa. Ranar da ciwo ya motsa, hadisin Imrana ɗan Husaini ya ba da sauƙin yin salla a zaune ga wanda ya kasa tsayuwa. In an samu sauƙi a koma tsaye, kada kujera ta zama ta dindindin saboda tsoro kawai.

Wajen barci, kwanta a gefe da matashi tsakanin gwiwoyi, ko rigingine da matashi ƙarƙashinsu. Katifa mai matsakaicin tauri ta fi wadda ta lotsa, ta kuma fi kwanciya kan siminti. In za ka tashi, mirgina gefe, sauke ƙafafu, ka tura jiki da hannu.

Magani na taimakawa ne don ka iya motsi. Ibufurofen miligiram 400 bayan cin abinci, bai wuce sau uku a rana ba, na 'yan kwanaki, ya isa ga babba mai lafiya. Mai gyambon ciki, ciwon ƙoda, hawan jini, ciwon zuciya, ko mai juna biyu kada ya sha sai da izinin likita, kuma ba a haɗa shi da diklofenak don dangi ɗaya ne, haɗin na iya fasa ciki ya kashe ƙoda. Ka guji haɗin ƙwayoyin da ake ƙullawa a leda ba suna. Sau da yawa akwai deksametason ko firednisolon a ciki, masu sa a ji garau yau, amma in aka daɗe ana sha su kumbura fuska, su tayar da suga, su cinye ƙashin bayan da ake son gyarawa.

Ka samu ɗan littafi ka riƙa rubuta abu uku duk Juma'a: minti nawa kake iya tafiya, minti nawa kake iya zama kafin ciwo ya tashe ka, da sau nawa ya farkar da kai cikin dare. Ciwon zai motsa wani mako, wannan ba ya nufin aikin ya rushe; koma atisayen mako biyun farko na kwana uku sannan ka ci gaba daga inda ka tsaya. In mako 12 ya cika lambobin nan uku ba su gusa ba, ko ƙafa ta fara rama, ko yatsu na jan ƙasa in kana tafiya, ɗauki littafin da duk kwalayen magungunan da ka sha da tsoffin hotunanka ka je sashen ƙashi ko na fisiyo a Shika, ko ka fara da Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan a ba ka takardar turawa. Wanda ya samu sauƙi kuma ya rage atisayen zuwa kwana uku a mako, ya bar tafiyar yadda take.